Sauti Garau, Ban Da Muryar Inna

Ku da kuke cika mini benci kullum da la'asar kuna jiran wayoyinku su sha caji, na ji ku sarai ranar da kuke cewa aikina ba aiki ba ne. Wai ɗaukar abin da ke gudana a fuskar kwamfuta haɗe da sautinsa, yanzu ko akuya ta taka waya sai ta yi shi. Ban tanka muku ba, don rabin maganar gaskiya ce. Ku yanzu allo kuke ja ƙasa da yatsa, ku danna jan ɗigo, wayar ma ta tambaye ku cikin ladabi: sautin ciki kuke so, ko na makirfo, ko duka biyun? Ku kuwa ko karanta tambayar ba kwa yi. To wannan tambayar da kuke tsallakewa, ni na yi shekaru kafin in san akwai ta. Ranar da na ba ta amsar banza kuma ba a kaina abin ya ƙare ba, a kan wata tsohuwa daga rugagen Gwiwa da ɗanta ya ƙare. Ku gyara zama, cajin naku da saura.

Ni da kaset na fara, a rumfar Malam Ilu mai gyaran rediyo a kasuwar Kazaure. Aikin farko da ya bar mini, wani manomi ne daga Roni ya kawo kaset na wa'azi yana so a juye masa a wani. Malam Ilu ya tafi masallaci. Na ɗauko rediyo biyu na haɗa su baki da baki kamar zakarun da za su yi faɗa, na kunna ɗaya, na danna jan maɓallin ɗayan, na harɗe ƙafa ina jin kaina injiniya. Da ya dawo ya kunna, ga malami yana jan aya, ga mai fura tana talla, ga jakin mai itace yana nasa wa'azin, ga ni kaina ina tari. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi in saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, gefe biyu, a tsaye. Da na gama ya zaro wata 'yar waya mai kai biyu daga aljihun rigarsa, ya soka kai ɗaya a wannan rediyo, ɗayan a wancan.

Ya ce, "Sabi'u, iska ta kowa ce. Duk wanda ya wuce sai ya zuba nasa a ciki. Sauti ta waya ake ɗaukarsa."

Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma kada mai kaya ya bar rumfa sai ka ji farko, ka ji tsakiya, ka ji ƙarshe."

Magana ta farko na riƙe ta kamar karatun sallah. Ta biyun kuwa, za ku ji yadda na yi da ita.

Da kaset ya mutu na koma kwamfuta, na kama wannan shagon na bakin tasha. Buga takardu, hoton fasfo, zuba karatu da waƙa a faifai. Sai ga modem ya shigo, wannan mai kama da ɗan yatsa da muke ɗaurawa a kan sandar gora mu tura ta taga don ya kamo sabis. Data a lokacin tsada gare ta, ba a kallon abu sau biyu. Ɗaliban kwalejojin garin nan su ne suka fara kawo mini aikin. Darasi ne ake yi a intanet wanda ba ya saukuwa, suna so in kunna shi sau ɗaya in ɗauke duk abin da ya bayyana a gilashi, su raba a tsakaninsu. Malamai suka biyo da tafsirin da ake watsowa kai tsaye daga nesa, samari kuma da ƙwallonsu. Hoton ba shi da wuya, manhaja ce za ka kunna ta kwashe shi tas. Sautin ne ɗan banza. Manhajar ba ta san komai ba sai makirfo, ni kuma, da yake wuyana ya yi kauri na manta Malam Ilu, sai na jingina makirfo a bakin sifika. Zakaru biyu suka dawo, sun dai canza riga.

Hakan ya yi ta tafiya da ɗingishi har shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone. Tun daga farkon bazara har aka yi girbi babu wuta. Na sayi ƙaramin janareto, irin mai hayaƙin nan, na ajiye shi a bayan shago, bango ɗaya tsakaninmu. Duk faifan da ya fita daga hannuna a shekarar nan, janareto ne babban malami, mai darasin yana can baya yana roƙon a ba shi dama. Wata ɗaliba ta dawo mini da faifai bakwai ta jera su a kan tebur ta ce, "Malam, lissafi na ce ka ɗaukar mini, ba injin niƙa ba." Na lulluɓe makirfo da sifika da bargo, na shiga ciki ni ma ina gumi kamar mai jego, janareto ya biyo mu cikin bargon. Na hana masu jira tari, na kori mai gyaɗa daga ƙofa, na yi faɗa da mai faci na kusa da ni kan buga guduma. Ɗalibai suka koma kai aikinsu Kano. Waɗanda suka rage suka raɗa mini Sabi'u Janareto.

Wata rana ina tsaftace bayan babbar kwamfutata sai idona ya faɗa kan ramuka uku: kore, shuɗi, da mai ruwan hoda. Kore na fitar da sauti, shuɗi na shigar da shi. Na tsaya kamar wanda aka mara. Na rufe shago na tafi gida na kwance tsohuwar jakar kayan rediyo, na samo wayar Malam Ilu mai kai biyu, Allah ya jiƙansa, lokacin ya riga mu gidan gaskiya. Na soka kore, na soka shuɗi. Sauti ya fita ta ƙofar gaba ya shiga ta ƙofar baya bai taɓa iska ba. Matsalar kawai, da ka soka wayar sifika ta yi shiru, kai kanka ba ka jin abin da kake ɗauka, sai ka sayo ɗan abin da ke raba rami ɗaya gida biyu. Daga baya na gano ashe a cikin kwamfutar ma akwai wannan hanyar, masu ƙera ta sun ɓoye ta kamar kuɗin tsohuwa. Sai ka shiga wurin saitin sauti, ɓangaren ɗauka, ka danna hannun dama na linzamin kwamfuta a fili inda babu komai, ka ce a nuna maka abubuwan da aka kashe. Sai ga ta ta fito a dushe, sitiriyo miks suke ce mata. Ka tashe ta, ka ce wa manhajar ɗauka daga nan za ta sha. Ba kowace kwamfuta ke da ita ba. 'Yan Kwatano, wato na hannu, da yawa da ake kawowa daga Kano ko ka tone su ba za ka same ta ba, sai ka koma wa waya. Kuma akwai wata 'yar koriyar sanda a gefe da take tsalle in sauti na shiga. Ita ce idonmu. In ta kwanta, ka kwanta.

Daga nan kuma ba a iya zama da ni. Na sa aka rubuta mini allon nan da kuke gani a sama, SAUTI GARAU, da jan fenti. In baƙo ya zo yana shakka, nakan kunna ɗauka in ce masa, "Yi ihu." Ya yi ta kunya, in ɗauki faranti in buga da cokali, in buɗe ƙofar baya janareto ya shigo da muryarsa duka. Sannan in tsayar in kunna masa. Babu ihu, babu faranti, sai malami shi kaɗai kamar a cikin kunnenka yake zaune. Nakan dafa kwamfutar in ce, "Wannan kurma ce ga duk abin da ke cikin ɗakin nan. Abin da ke cikinta kawai take ji." Da alfahari nake faɗar haka. Ku riƙe wannan maganar.

Aikin da nake son ba ku labari ta waya ya zo. Wani mutum ya kira ni daga Libiya, ya ce sunansa Buba, wani direban Babura ne ya ba shi lambata. Mutumin wata ruga ne a ƙasar Gwiwa. Shekara tara rabonsa da gida. Bai ɓoye mini yadda ya tafi ba: saniyar mahaifiyarsa ya kora kasuwa ba da saninta ba, wadda ta zo da ita gidan aure, ya sayar ya yi kuɗin mota. Tun daga ranar ba ta aiko masa da zagi ba, ba ta aiko da gaisuwa ba. Ya aika da kuɗi aka sayi shanu uku a madadin ɗaya, ta ce a zuba su cikin garke, ba ta ƙara ko kalma ba. In ya kira wayar ƙanwarsa Hajjo ya ce a ba Inna, sai ta tashi ta shiga bukka. Ga shi ɗan fari, kun san Fulani da kunyar ɗan fari: ko da babu laifi ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, yayan Hajjo take ce masa. Saboda haka shi kansa bai san ina kunya ta tsaya ina fushi ya fara ba. Yanzu Hajjo ta shawo kanta ta yarda ta zo Kazaure ta gan shi a kwamfuta, sau ɗaya.

Ya ce, "Malam Sabi'u, so nake in nemi gafararta. Ka ɗauka mini duka, hoto da murya. Duk abin da ta ce, ina so ya zauna."

Na ce, "Ai ka zo gidan sauti. Ko numfashinta ba zai ɓace ba."

Ban taɓa ɗaukar kiran bidiyo ba sai ranar. Duk aikina na baya magana ce mai zuwa daga can kawai, wannan kuwa magana ce mai zuwa da komawa. Ban zauna na yi tunanin bambancin ba, don gwani ba ya tunani.

Ranar kasuwa suka zo da hantsi, goyon biyu a kan babur. Inna Dije 'yar siririyar tsohuwa ce, fara, ta tuɓe takalmanta a ƙofar shago kamar za ta shiga masallaci. Ta kwance wani ƙoƙo ta ɗebo mini curin man shanu da hannunta ta zuba a leda, ta ce na yara. Na ajiye laftof ɗina sabo a kan tebur, wanda ko ƙuda ba na bari ya sauka a gilashinsa, na tura modem ta taga. Buba yana can a wani shagon intanet yana jira. Da fuskarsa ta cika gilashi Hajjo ta fashe da kuka. Inna kuwa ta zauna a bakin kujera ta ba kwamfutar gefe, tana kallon kalandar bango. A ƙasan gilashin, can kusurwa, akwai ɗan akwati kamar kwalin ashana da ke nuna namu ɓangaren. Ta ciki ana ganin kunnenta da rabin ɗankwalinta.

Buba ya gaishe ta. Ta amsa wa kalanda. Sannan ta ce da ni, "Malam, tambaye shi ko yana cin abinci. Na ga wuyansa."

Kafin in buɗe baki sai maganarta ta dawo mana ta sifika, a makare, da amo kamar daga cikin rijiya: ko yana cin abinci, na ga wuyansa. Amsa-kuwwa ke nan, mu kuwwa kawai muke ce mata. Sifikar shagon da Buba yake ce ke fitar da muryarta, makirfonsa ya kwashe ya maido mana. Na dubi koriyar sandata. In Buba ya yi magana ta yi tsalle, in Inna ta yi magana ta yi tsalle. Na ce alhamdu lillahi, kowa na shiga. Amma kuwwar ta tsaya mini a rai. Ni da allona ke cewa garau, a ce faifai ya fita daga shagona da amon rijiya? Na bari suka yi kamar minti biyu, tana ba ni saƙo ina miƙawa: a gaya masa ruwa ya yi kyau bana, a gaya masa kawunsa ya rasu. Sai na kasa haƙuri na sunkuya kan makirfo.

Na ce, "Buba, babu abin kunne a nan? Sa abin kunne, kuwwar nan tana ɓata mini aiki."

Ya aro abin jin sauti a wurin mai shagon ya toshe kunnuwansa, sifikarsu ta daina fitar da murya. Kuwwa ta ɗauke ɗif. Na ji daɗi har cikin raina.

Ko zama ban yi ba Inna ta ce, "Hajjo, fita." Ta ɗan juyo wajena. "Malam, kai ma ka ba mu wuri kaɗan."

Aka kore ni daga shagona da ladabi. Na fita ban ko waiwayi koriyar sanda ba. Muka zauna da Hajjo a gindin darbejiyar can, inda mai shayi yake yanzu. Tana ta murza bakin mayafinta. Ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin Inna ta keɓe da yayanta ba, ko yana yaro a hannun kakarsu ya tashi. Muka yi kusan rabin awa. Sai ga tsohuwa a bakin ƙofa tana saka takalmi, idonta a bushe, ta ce, "Mu tafi, rana na yi."

Na shiga na tarar sabis ya yanke, fuskar Buba ta daskare a gilashi baki buɗe. Na tsayar da ɗauka. Sai na ga abin da ya tayar mini da hankali: tun daga kan kyamara har tsakiyar gilashin sabon laftof ɗina, shatin yatsu ne na man shanu, an ja shi ƙasa. Na yi tsaki, na ce mutanen daji dai sai a hankali, komai sai sun taɓa. Na ɗauko auduga da sifirit na goge, na hura, na sake gogewa har gilashin yana ɗaukar ido. Sannan na kunna farkon abin da na ɗauka. Ga muryar Buba, ga ta Inna. Na ji farko. Tsakiya da ƙarshe kuwa na ce sirrin uwa da ɗa ne, bai kamata in saurara ba. Kun ji yadda lalaci ke sanya rigar mutunci. Na zuba a faifai na ba Hajjo.

Washegari da safe Buba ya kira. Ya ce da farko yana jin ta lafiya, ta yi ta ba shi labarin gida, ba ta ambaci saniya ba. Da ya nemi gafara sai ta ce, "To, ka saurara." Daga nan hotonta ya tsaya cik, muryarta ta koma tsinke-tsinke, sannan ta ɓace. Ya yi ta cewa bai ji ba har kiran ya mutu.

Ya ce, "Malam Sabi'u, don Allah, ya shiga?"

Na ce, "Ya shiga. Ai ni a nan nake ɗauka, ba ruwana da sabis. Garau."

Ya ce in turo masa. Abin ya yi wa modem nauyi, sau uku ina gwadawa yana yankewa. Ya ce a bari, ai yana nan tafe da ya kammala aikin da ya karɓa. Hajjo kuma ta roƙi Inna ta maimaita masa ta waya. Inna ta ce, "Irin wannan magana sau ɗaya ake yin ta. Ya ce bai ji ba, na ce akwatin Malam ya ji." Ta naɗe faifan a ɗankwali ta sa a ƙasan adakarta. A rugarsu babu abin kunna faifai. Kowa ya kwantar da hankalinsa a kan maganata.

Da kaka zazzaɓi ya kama Inna Dije, kwana huɗu ta rasu. Buba bai samu isowa ba sai bayan sadakar arba'in. Ya zo shagon nan shi da Hajjo, dogo, ya rame, ya kwance ɗankwalin a kan tebur da hannu biyu. Na yi masa ta'aziyya, na sa masa kujerar da ta zauna, na saka faifai, na ƙara sauti, na koma gefe na harɗe hannu ina jiran yabo.

Minti biyun farko suka wuce. Muryarta ta fito da amon rijiyarta, tambaye shi ko yana cin abinci. Buba ya rufe fuska. Sai ga tawa muryar, ita ma ta cikin kuwwar, tana ba da umarni a sa abin kunne. Daga nan muryar Buba kaɗai ta rage. Tsaf, babu ƙura, har haɗiyar yawunsa ana ji. Yana cewa, "To, Inna." Shiru. "Na'am, Inna." Shiru. "Allah ya jiƙansa." Shiru mai tsawo. Ko shuuu ɗin da tsohon kaset ke yi babu. Ban taɓa ɗaukar shiru mai tsabta irin wannan ba.

A tsaye a wurin na gane abin da ya kamata in gane tun ranar. Muryar Inna ta makirfo take shiga ta wuce Libiya, ba ta bi ta hanyar da nake ɗauka. Abin da ya sa sandata tsalle da farko, kuwwar ce da ke dawowa daga can. Ita kaɗai ce igiyar da ke riƙe da muryar tsohuwar, ni kuma na sa aka yanke ta don kada ta ɓata mini suna. Garin neman gira na rasa ido, idon ma ba nawa ba.

Buba ya ce, "Ƙara murya."

Na ce, "Ta ƙure."

"To gyara."

"Abin da bai shiga ba ba ya gyaruwa."

Hajjo ta ce, "Malam, ai kai ka ce ya shiga."

Na ce, "Ni na ce."

Na yi musu bayanin kurmar kwamfutata, wannan karon ba faranti ba cokali. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, kuma na so Buba ya zage ni. Shi ma, kamar Malam Ilu, bai yi ba. Ya zuba wa gilashi ido kawai, faifan na ci gaba, muryarsa ta cika shagon yana kuka yana cewa ta yafe masa saniyar, ta yafe masa tafiyar.

Hajjo ce ta nuna da yatsa. "Yaya, dubi nan ƙasa."

Ɗan akwatin kusurwa ne. Shi daga kyamarar shagona yake zuwa kai tsaye, ba ya bin sabis, saboda haka bai daskare ba lokacin da komai ya daskare a Libiya. Na mayar baya, na buɗa shi iyakar yadda zai buɗu, hoton ya yi dishi-dishi amma ana gani. Inna ta bar kallon kalanda. Ta juyo da kujerar gaba ɗaya ta fuskanci ɗanta. Bakinta na motsi, ta daɗe. A sama da ita muryar Buba na ta ihu garau, "Inna, ban ji ba! Inna, ki maimaita!" Ba ta fasa ba. Ta ɗaga tafukanta biyu, ta daɗe a haka. Da ta gama ba fuskarta ta shafa ba. Hannun dama ta miƙo, akwatin ya yi duhu, tafin ya sauko a hankali. Ta sake, ta sake, sau uku.

Hajjo ta ce, muryarta can ƙasa, "Haka take shafa kan 'ya'yana in ta yi musu addu'a. Ni ma ta sha yi mini. Kai kaɗai ne ba ta taɓa yi wa ba."

Buba ya ce in mayar. Na mayar sau huɗu. Sannan ya tambaye ni, "Wannan ce kwamfutar?"

Na ce ita ce. Ya tashi ya karkata kai yana duban gilashin ta gefe, ta inda haske ke faɗowa.

"Ina wurin da ta taɓa?"

Na ce, "Na goge."

"Da me?"

"Da sifirit."

Ban gaya masa sau biyu na goge ba. Ya cire hularsa, ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan gilashin, daidai ƙasan kyamara, ya daɗe a haka. Ni da ba na barin ƙuda ya sauka a wurin, na juya ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Laftof ɗin da kuke gani a saman kanta a rufe, wanda kuke ta cewa in sayar wa masu gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa, shi ne. Shatin goshin yana nan.

Tun daga ranar, in kira ne zan ɗauka, hanya biyu nake buɗewa, ta ciki da ta makirfo, kowacce da sandarta. In ajiye tsohuwar waya a kan tebur tana ɗaukar iskar ɗakin, da tari da janareto da jakin duk wanda ya wuce. In ji farko, in ji tsakiya, in ji ƙarshe, ko da mai kaya zai ce na cika sa ido. Ku kuma in waya ta tambaye ku wane sauti kuke so, ku karanta tambayar, ku dubi wanda ke zaune a ɗakin tare da ku kafin ku danna.

Kafin su tafi Buba ya miƙo mini ɗan memori ya ce in zuba masa wurin shafa kan, in kuma zuba masa minti biyun farko, masu kuwwa. Na ce zan yanke masa ƙarshen, inda muryata ta shigo, don kada ta dame shi.

Ya ce, "A'a, bar ta. 'Ya'yana za su ji wannan wata rana. Ina so su san daga nan ba Inna ce ta yi shiru ba."

Na bar ta. Yanzu Buba ya dawo gida ya yi aure, kuma Hajjo ta ce duk yaron da ke rugar nan ya haddace minti biyun kamar karatun allo. Kwanaki na je kasuwar Roni sayen rago, sai na ji wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai ƙwaryar nono tana nuna ni ga 'yar'uwarta. Ta tsaya a gabana, ta kumbura murya, ta kwaikwayo ni har da amon rijiyar:

"Sa abin kunne, kuwwar nan tana ɓata mini aiki."